Sanin Fata: Daga Wuƙar Fiɗa Zuwa Hannun Baduku

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin zai leƙa majema da rumfar dukawa, ya duba fata: ire-irenta, yadda ake jeme ta, da gyaran ƙarshe da ake yi mata kafin ta zama takalmi ko jaka ko sirdi.

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a kwanakin Babbar Sallah ya san abin da ake gani. Samari na zagaya unguwanni da baro suna tattara fatun layya. 'Yan fata sun baje buhunan gishiri a inuwa, ana shimfiɗawa, ana barbaɗawa, ana ninkewa. Bayan 'yan kwanaki a loda a mota, sai Kano. A cikin lodin nan, wata fatar za ta zama safar hannu mai tsada a wani kanti a Turai, wata ta zama shafin cikin takalmi da ba mai ganinsa, wata kuma tun a wurin tantancewa za a wurgar da ita gefe. Alhali daga garke ɗaya suka fito. Abin da ya raba su shi ne shirin zai bi daki-daki, kuma mai sauraro zai ga cewa kaso mafi girma na wannan hukunci a karkara ake yanke shi, tun fatar ba ta ga ƙofar masana'anta ba.

Bambanci na farko daga dabbar yake. Fatar akuya ba ta da kauri, amma zarurrukan cikinta a matse suke, shi ya sa take da ƙarfin da ya wuce ganin ido. Fuskarta na da 'yan ƙananan tsaba-tsaba da ba sa ɓacewa ko bayan jima. A cikin awaki kuwa babu kamar jar akuyar nan da ake dangantawa da Sakkwato, a Nijar kuma da Maraɗi. Ita ce dai wadda mata ke ɗaurewa a turke a gidajen Birchi da Tsauri da Karofi, ana ba ta dusa da harawa. Masu ɗaurin manyan littattafai a Ingila sun fi shekara 100 suna neman fatarta, saboda bangon da aka yi da ita yana daɗewa bai ruɓe ba, yana kuma karɓar adon ruwan zinariya da kyau.

Tumakin ƙasar Hausa, wato Uda da Balami da 'Yankasa, masu gashi ne. Wannan babbar sa'a ce ga mai fata. Tunkiyar ƙasashen sanyi mai ulu fatarta sako-sako ce, kitse ya ratsa ta, tana iya rabuwa biyu. Tunkiya mai gashi kuwa fatarta a haɗe take, ga laushi, ga miƙewa ba tare da yagewa ba. Da irinta ake ɗinka safar hannu da rigunan fata da takalman mata masu taushi.

Ƙirgin saniya wani abu ne dabam. Yana da kauri da faɗi: jemammiyar fata da ƙafa murabba'i ake auna ta, akuya ba ta cika wuce ƙafa 5 ko 6 ba, babban sa kuwa yakan ninka haka sau da yawa. Shi ne na tafin takalmi da sirdi da taiki da guga. Sai dai shanunmu masu tozo ne, kuma wurin tozon ba ya kwanciya sosai idan an shimfiɗa, don haka sau da yawa akan raba ƙirgin biyu ta gadon baya kafin a sa shi a inji. Wata matsalar kuma ita ce tukunya: kaso mai yawa na fatun shanun Najeriya ganda suke zama, ba sa isa majema.

Akwai kuma fatun kada da mesa da guza. Suna da kyan zane, amma cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1973 kan kare dabbobin dawa, Najeriya ma ta kafa tata dokar a 1985. Baduku mai son zaman lafiya da hukuma ya san wannan kafin ya karɓi irin fatar.

Wannan sana'a ba jiya ta fara ba. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya rubuta tun ƙarni na 16 cewa a Gobir akwai masu ɗinkin takalma da ake kai kayansu har Tumbutu da Gawo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa takalman da ake fitarwa daga birnin a shekara kuɗinsu ya kai wuri miliyan 10, jemammun ƙiraga da jajayen fatun tumaki kuma wuri miliyan 5, wasu har Tarabulus. Shi dai wannan Barth ya ratsa ta Kurfi a watan Maris na 1853, a hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, har ya bayyana ganuwar garin. Fatun da ayari ke ƙetare Sahara da su, da yake ta tasoshin Arewacin Afirka suke isa Turai, sai aka riƙa sayar da su da sunan fatar Maroko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanyar ta juya ta koma ta Ikko.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Bambanci na biyu daga jima yake. Fata ɗanya nama ce, idan an bar ta da laima ta ruɓe, idan ta bushe ta ƙandare. Jima ita ce shigar da wani sinadari tsakanin zarurrukan, ya ɗaure su yadda ƙwayoyin ruɓa ba za su iya cin su ba, kuma fatar ta bushe tana lanƙwasuwa.

Akwai kayan da ba sa son jima sam. Rufin ganga da kalangu, da igiyar ƙiri, da tandun kwalli ko na mai, duk da ɗanyar fata ake yin su, a cire gashi kawai a bar ta ta bushe a kan siffar da ake so. Mai tandu yakan gina siffar da yumɓu, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, idan ta bushe ya farfasa yumɓun ya zazzage. Taurin nan shi ake nema. Shi ya sa kuma makaɗi ke ɓoye gangarsa daga ruwan sama.

Jimar gargajiya kuwa ta bagaruwa ce, kuma wanda ya taɓa shiga unguwar Majema a birnin Kano hancinsa ya riga idonsa sanin inda yake. Majemi zai fara jiƙa fatar ta saki. Sai ya tsoma ta a ruwan toka, yanzu wasu na haɗawa da ragowar kabayid ta masu walda, har gashin ya yi laushi. Ya ɗora ta a kan gungume, ya duƙa, ya kama kartaji da hannu biyu yana turawa ƙasa, gashin na saɓulewa yana taruwa a ƙafarsa. Daga nan sai ruwan kashin tantabara. Mai kallo zai ɗauka ƙazanta ce kawai, alhali aikin kimiyya ne: abubuwan da ke cikin kashin suna narkar da ragowar da ke tsakanin zarurruka, suna kashe kaifin toka, fatar ta yi santsi ta yi laushi. Masana'antun zamani ma suna yin wannan mataki, sai dai da garin sinadari na kanti. Bayan an kankare gefen nama, sai a kai ta kwatarniyar bagaruwa. Kwanson bagaruwa da aka daka yana ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye idan an fitar da 'ya'yan. Majemi na cuɗawa yana juyawa, yana yanka ɗan gefe ya duba ko ruwan ya ratsa har tsakiya. Idan ya ga farin layi a tsakiyar yankan, da saura. Idan launin ƙasa-ƙasa ya game, ta nuna. Sai wanki, da shafa man gyaɗa, da ja da miƙewa har ta yi taushi.

Fatar bagaruwa tana da jiki, tana riƙe siffa, tana karɓar zane da bugu, tana ƙara duhu da kyau idan ta tsufa. Rauninta ruwa da zafi. Turawa ma suna da irin wannan jima da ɓawon itatuwansu, kuma a wasu tsofaffin majemun Ingila ƙirgin tafin takalmi kan shekara ko fiye a cikin rami kafin a fitar da shi.

Buzun malam da agalemi jima ce da ake yi wa gefen nama kaɗai, a bar gashin yadda yake. Akwai kuma jimar alif mai ba da farar fata, da jimar man kifi mai ba da lallausar fatar nan ta goge gilashin mota.

Sai jimar kurom, wadda ta sauya sana'ar gaba ɗaya. Wani mai suna Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884, Martin Dennis ya sauƙaƙa ta a 1893. A yau kusan kashi 80 cikin 100 na fatun duniya da ita ake jeme su. A masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano ana zuba fatu a manyan ganguna masu juyawa tare da gishirin kurom, cikin kwana ɗaya aiki ya kammala. Suna fitowa da launin shuɗi-shuɗi, ma'aikata na ce musu wetbulu. Fatar kurom ta fi laushi, ta fi miƙewa, tana jure ruwa, tana jure zafin da zai sa ta bagaruwa ta tsuke ta lalace. Shi ya sa ta mamaye saman takalmi da kujeru da jakunkuna. Amma tana da nata haraji: ruwan da masana'antu ke zubarwa ya daɗe yana damun manoma da masunta a gaɓar kogin Challawa, kuma wannan kuka ne da bai kamata a gaji da yinsa ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Bambanci na uku shi ne wane ɓangare na kaurin fatar aka samu. Fata na da gefen gashi, wanda ake kira fuska, da gefen nama. Zarurrukan da ke kusa da fuska su suka fi matsewa da ƙarfi, yayin da ake gangarawa gefen nama suna ƙara sakewa. Ƙirgin saniya ya yi kauri da yawa ga saman takalmi, wanda ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, don haka akwai injin da ke tsaga shi a kwance, ya fitar da shafi biyu ko uku daga ƙirgi ɗaya.

Shafin sama idan aka bar fuskarsa yadda Allah ya halicce ta, ba a goge komai ba, shi ne fata mai cikakkiyar fuska. Ita ce ta ɗaya a daraja. Ana ganin ƙofofin gashi, ana ganin 'yan layukan wuya, tana numfashi, tana shekaru.

Idan fuskar na da tabo, sai a bi ta da injin yashi a goge saman, a cike ramuka, a buga mata sabuwar fuska da ƙarfe mai zafi. Wannan ita ce mai gyararriyar fuska. Ta fi ta farko kama da juna daga gefe zuwa gefe, amma an riga an rage mata wuri mafi ƙarfi. Idan kuwa fuskar mai kyau ce aka yi mata 'yar guga kaɗan don ta tashi da laushi irin na karammiski, ita ake kira nubak, kuma tana da tsada.

Shafin ƙasa ba shi da fuska ko kaɗan. Idan aka tayar masa da gashi-gashi ya zama suwed, irin na takalman nan masu laushi da ba a shafa musu mai. Idan aka lulluɓe shi da roba aka buga masa zane, sai ya fito kamar fata mai fuska, a sayar wa wanda bai sani ba. A can ƙasan tsani kuma akwai fatar haɗi: ragowar yanke-yanke ake niƙewa, a kwaɓa da gam, a matse a kan takarda ko ƙyalle. Bel ɗin da ya karye gida biyu bayan wata 3, yawanci wannan ce. Daga ita sai ledar da ba ta haɗa komai da dabba ba, roba ce a kan yadi.

Yanzu sai gyaran ƙarshe, inda ido ke ruɗuwa.

Dukawan ƙasar Hausa sun daɗe da nasu. Ja daga karan dafi yake, wata irin dawa da ake nomawa don jan kubenta. A daka, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, a shafa wa fatar da ta sha mai, sannan a bi da ruwan tsamiya ko lemon tsami launin ya buɗe. Wannan jan ne Barth ya gani ana kaiwa Tarabulus. Baƙi kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Sirrinsa shi ne ƙarfe idan ya gamu da tanin ɗin bagaruwa sai ya koma baƙi ƙirin a cikin fatar kanta. Dalilin ke nan da jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ke yin baƙin tabo idan ta kwana a kan ƙusa. Rawaya daga gangamau, kore daga garin tagulla. Yau galurar kanti ta karɓe mafi yawan wannan aiki saboda sauƙi, ko da yake wanda ya san jan karan dafi ba ya rikita shi da na galura.

Bayan rini sai guga. Baduku zai shimfiɗa fatar a kan allo mai santsi, ya kama kwalba ko dutse mai sulɓi, ya danna da ƙarfinsa yana kai da komowa. Zafin gugar da nauyin hannu su ke kwantar da fuskar, sheƙi ya taso daga jikin fatar ba tare da an ɗora mata komai ba. A manyan masana'antu akwai injin da ke yin wannan aiki da sandar gilashi, kuma da shi ake fitar da fatar akuya mai ƙyalli ta takalman alfarma. Dabarar ɗaya ce. Sannan ga ado: a zana da bakin wuƙa a ɓare fuskar wani wuri farin ciki ya fito, a buga ƙarfe mai zane, a ɗora kore a kan ja a ɗinke da basilla, a yanka geza. Wanda ya kalli kayan dawakin hakimai a hawan Sallah a Katsina, har da tawagar Yandaka, hakimin Dutsin-Ma, da ta Maraɗi, hakimin Kurfi, ya ga waɗannan ayyuka a kan linzami da sirdi da kuben takobi. Haka gafakar almajiri da zabirar wanzami.

Gyaran masana'anta kuma hawa-hawa ne. Na sama shi ne na anilin, sunan da ya samo asali daga rinin da wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya gano a 1856 yana ɗan shekara 18. Rini ne da ke shiga jikin fata ya ba ta launi ba tare da ya rufe fuskarta ba. Komai a fili yake, kyau da aibi. Saboda haka fata mara tabo kaɗai ke samun wannan gata, kuma irinta kaɗan ce a kowane lodi. Mai bi masa shi ne rabin anilin, inda ake ƙara ɗan siririn shafi don kare ta daga datti. Sai mai fenti, inda ake fesa launi mai kauri a bi da ruwan roba. Ita ce ta kujerun mota da takalman makaranta da na sojoji, tana jure wahala, ana goge ta da tsumma, amma ba ta numfashi sosai kuma idan ta tsufa fentin ke tsagewa. Akwai mai sheƙi kamar madubi, wadda Seth Boyden ya shahara da ita a Amurka wajen 1818, a da da man 'ya'yan kitani ake yi, yanzu da roba. Akwai wadda ake ɗirka wa mai da kakin zuma, idan an lanƙwasa ta wurin ya yi haske, idan an murza ya koma. Akwai kuma bugun zane, inda ƙirgin saniya ke fitowa da fuskar kada ko ta jimina.

Abin lura a wannan jeri shi ne, gwargwadon tsabtar fuskar fata, gwargwadon ƙarancin abin da ake rufe ta da shi, gwargwadon kuma tsadarta. Fenti mai kauri sau da yawa rufin asiri ne ga aibin da aka yi tun a ruga ko a mahauta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mene ne waɗannan aibobi, kuma wa ke yin su?

Wasu tun dabbar na raye. Kaska na barin 'yan ramuka da ba sa toshewa. Kirci, wanda ke tashi da damina, yana cin fuskar fata ya bar ta da faci-faci. Ƙazuwa haka. Ƙaya da waya da duka suna barin zane. Sai lalas da shaidar wuta: makiyayi ya ɗora ƙarfe a kan cinya ko haƙarƙari, daidai wurin da ya fi daraja, domin gadon baya da kuturi su ne zuciyar ƙirgi, ciki da hammata sako-sako ne. Da a kumatu ko ƙasan ƙafa aka yi shaidar, da ta biya buƙata ba tare da asara ba. Maganin kaska da kirci kuwa yana wurin malaman dabbobi, kuma ribarsa biyu ce, ga lafiyar dabba ga kuɗin fata.

Wasu aibobin na ranar yanka ne. Wuƙa mai tsini a hannun mai gaggawa ita ce babbar abokiyar gabar fata. Ko ba ta huda ba, zanen da ta yi a gefen nama zai buɗe idan inji ya ja. Ƙwararren mahauci yakan tsaga inda ya kamata, ya ajiye wuƙa, ya sa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama yana turawa, fatar rago ta ɗaye fes. Inda dole sai an sa wuƙa, mai zagayayyen baki ake so. Jan gawar dabba a ƙasa kafin fiɗa shi ma yana goge fuskar.

Mafi yawan asarar layya kuwa bayan fiɗa take zuwa. Kowa ya koma kan nama da suya, fata na gefe a dunƙule cikin jini, wani ma ya cusa ta a leda ya ɗaure. A zafin ƙasar nan 'yan sa'o'i sun isa ruɓa ta fara. Alamarta ita ce a ja gashi ya biyo hannu, kuma idan ta kai nan fuskar ta riga ta tafi, babu injin da zai dawo da ita. Shanya a tsakar rana a kan ƙasa ma yaudara ce: waje ya bushe, ciki ya dahu, sai an jiƙa ta a majema ta ɓarke. Abin da ake so shi ne a wanke jini da kashi, a cire kitse, a bari ta huce a inuwa, a shimfiɗa gefen nama a sama a rufe shi da gishiri har gefuna. Ƙirgin saniya na cin gishirin da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Inda babu gishiri, a ɗaure ta a miƙe a rataye a inuwa mai iska. Malamai sun yi bayani cewa mai layya ba ya sayar da fatar, ba ya kuma biyan mahauci da ita, sai dai ya yi amfani da ita ko ya bayar, shi ya sa ƙungiyoyin addini irin su Izala ke tattarawa duk shekara. Sadakar da aka bayar da gishirinta ta fi wadda ta isa tana wari amfani ga masallaci da marayu.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, kuma fata na daga cikin hanyoyin da take kama mutum. A kira malamin dabbobi.

Mai saye ma yana da nasa karatun. A kasuwa za a ji mai kaya na cewa, "Alhaji, wannan fata ce zalla, ka taɓa ka ji." To, a taɓa ɗin. A duba bakin yanka: launin ƙasa bagaruwa ce, shuɗi-toka a tsakiya kurom ce, zare ko soso roba ce. A juya baya: fata na da gashi-gashin nama, leda na da yadi. A danna da babban yatsa: fata na yin 'yan ƙananan tamoji kewaye da yatsan, roba lotsawa kawai take yi. A ɗiga ruwa: ta bagaruwa da ta anilin za su sha su yi duhu, mai fenti ruwan zai tsaya. Zanen da ke maimaita kansa daidai wa daida aikin ƙarfe ne. Babu laifi a sayi mai fenti ko shafin ƙasa, kowace da aikinta, muddin an biya kuɗinta ba kuɗin wata ba.

Kulawa kuma ta danganta da irin gyaran. Hunturu na shanye man fata, don haka ta bagaruwa da mai cikakkiyar fuska suna son ɗan man kaɗanya ko kakin zuma, kaɗan, a murza sosai. Suwed da nubak buroshi suke so, mai yana kashe su. Takalmin da ya jiƙe a cusa masa takarda a bar shi a inuwa, kada a kai shi bakin murhu. Da damina a riƙa fitar da sirdi da jakunkuna su sha iska saboda fumfuna. Baƙin mai da kananzir ba na fata ba ne.

Matasan yankin da ke son sana'ar suna da inda za su nufa. A Samarun Zariya akwai cibiyar nazarin fata ta ƙasa, NILEST, wadda tushenta ke komawa shekarun 1960, tana koyar da jima da ɗinkin takalmi. A nan gida Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da kimiyyar dabbobi. Najeriya ta sa ɗanyar fata da wetbulu a jerin kayan da aka hana fitarwa, don a riƙa ƙarasa aikin a cikin ƙasa, kuma a watan Yulin 2021 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata. Masu saye daga Italiya da Sifen har yanzu suna neman fatun awaki da tumakin Arewa. Yankin da satar shanu ta rage wa dukiya, har a 2021 aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni irin su Dutsin-Ma da Charanci, ba shi da fatar da zai bari ta ruɓe a bayan ɗaki.

Saboda haka shirin na kira ga sarakunan fawa na Dutsin-Ma da Kurfi da su zaunar da yaransu kan fiɗar hannu kafin Sallah, ga kwamitocin masallatai da su tanadi gishiri da rumfa tun ana saura mako, ga magidanta kuma da su miƙa fatar layya a ranar da aka yanka.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.

(Kiɗan rufe shiri)